Kwalabar Molotof: Sunan Wa Ke Nan?

Jama'a, duk sa'ad da aka yi tarzoma aka jefa kwalabar fetur mai cin wuta, sai ku ji 'yan boko suna cewa "Molotof koktel". Wani mai tireda ya tare mu yana tambaya ko Molotof ɗin nan ne ya ƙago ta. A'a, ba'a aka yi masa da ita.

Koktel kalmar Ingilishi ce, watau giya gauraye, irin wadda Razdan da Di'o ke ba baƙinsu da maraice a GRA ta Katsina zamanin Turawa. Kuku da boyi sun riga malamai sanin kalmar.

Molotof kuwa ministan harkokin waje ne na Rasha a zamanin Stalin. Laƙabi ne ma ya ɗaukar wa kansa, daga kalmar guduma a harshensu. Ran 30 ga Nuwamba 1939 Rasha ta auka wa Finland, ƙasar da mutanenta ba su kai miliyan 4 ba. Labari ya bazu cewa wai Molotof ya ce jiragensu abinci suke sauke wa mayunwata. To, sai mutanen Finland suka sa wa bama-baman suna kwandon burodin Molotof. Kwalabar da suke jifan tankokin yaƙi da ita kuma suka ce ga abin sha a kora burodin. Kamfanin giya na gwamnatinsu, Alko, shi ya riƙa cika kwalaben a Rajamaki. Makamin dai ya girme sunan, don an yi amfani da shi a yaƙin basasar Spain tun 1936.

Ba'ar ta burge mu, ba mu ɓoye ba. Babban mutum ya yi ƙarya, talaka ya manna masa ita har bayan mutuwarsa a 1986.

Amma fa ku lura, mutanen Finland tankar sojan baƙi suka jefa. A ƙasar nan wa ake jifa? Bayan zaɓen Jihar Yamma na Oktoba 1965 aka shiga abin da suka kira wetie, watau jiƙa shi da fetur. Gidaje da motoci da mutane suka ƙone. Ba a yi wata huɗu ba soja suka karɓi mulki a Janairu 1966, daga baya suka rushe jam'iyyu duka, mai mulki da mai hamayya.

Manya suna GRA, ga katanga, ga ɗan sanda a ƙofa. Rumfar mai tumatir da shagon mai atamfa su ne a fili. 'Yan babbar kasuwar Katsina sun ga abin da gobara ta yi musu a 2021, ba tare da kowa ya jefa kome ba. Saboda haka wanda duk ya miƙa wa ɗanku kwalaba da 'yan kuɗi ranar taro, ku tambaye shi ina nasa ɗan yake, sa'an nan ku kawo mana sunansa ofis.