A Ina Za A Ƙidaya Mu: Azare Ko Inda Muke Zaune?

Rabon Nijeriya da ƙidayar jama'a tun watan Maris na 2006, lokacin da aka ce mu miliyan 140 ne, jihar Bauci na da miliyan 4 da dubu 600 da ɗoriya, ƙaramar hukumar Katagum kuwa kusan dubu 300. Wadda aka shirya yi a watan Mayun 2023 an ɗage ta. Ke nan duk lissafin da hukuma ke yi a kanmu hasashe ne da aka ɗora bisa alƙaluman 2006.

Masu bincike dai ba su zauna ba. Binciken lafiya da yawan jama'a na ƙasa na 2018 ya nuna cewa mace a jihar Bauci kan haifi 'ya'ya bakwai da ɗoriya a rayuwarta, alhali a Legas ba su kai huɗu ba. A 2020 masana na Jami'ar Washington ta Amurka suka yi hasashen cewa Nijeriya za ta kusa miliyan 800 a shekarar 2100. Wannan adadi na biyu a ajiye shi gefe, shekara tamanin da nisa. Na farkon shi ne namu. Gonar gado a Gamawa ko Shira ko Giyaɗe ba ta ƙaruwa, magada ne ke ƙaruwa, saboda haka ƙannenmu za su ci gaba da biyo mu Jos da Ibadan da Legas, kuma da yawansu can za su yi aure su hayayyafa.

Abin ba sabo ba ne. Wani Bature, Abner Cohen, ya zauna a Sabon Ibadan ya fitar da littafi a 1969 kan Hausawan unguwar, wadda aka kafa tun 1916. Yau an haura shekara ɗari, amma tattaɓa-kunnen waɗancan mutane har yanzu baƙo ake kiransa.

To a nan gizo ke saƙar. Wajen raba kuɗin tarayya tsakanin jihohi, kashi 30 cikin ɗari bisa yawan jama'a ake yi. In an ƙidaya mu a inda muke zaune, kason jihar ya ƙaru da kawunanmu, amma ranar neman tallafin karatu ko aikin gwamnati sai a ce wa yaro ya kawo takardar shaidar ɗan asali. Ya je Azare, garin da bai taɓa kwana goma a jere ba, ya fara neman wanda ya san kakansa. Ƙungiyar Human Rights Watch ta yi rahoto a kan wannan a 2006. Sashe na 42 na tsarin mulkin 1999 ya hana wariya saboda asali, sai dai sashe na 147 ya kawo maganar ɗan asalin jiha ba tare da ya fayyace wane ne shi ba.

Mun san abin da dattawan gida za su ce in an sa ranar ƙidaya: ku dawo a ƙirga ku a nan, don neman jihar Katagum na buƙatar yawa, tunda taron ƙasa na 2014 ya sa ta cikin jihohin da ya ba da shawarar a ƙirƙiro. Muna girmama wannan kira, amma ra'ayinmu kowa ya tsaya inda yake zaune. Wanda ya cika mota ya tafi gida ya goge unguwarsa daga takarda, gobe kuma da wace hujja za mu nemi makaranta ko asibiti ko ƙarin mazaɓa a can?

Kafin nan, kowane magidanci ya yi wa 'ya'yansa rajistar haihuwa a ofishin hukumar ƙidaya ta ƙasa na inda aka haife su, ya adana rasiɗin haraji da katin zaɓe. Su ne shaidar daɗewarmu ranar da majalisa za ta saurari buƙatar a ba mazauni haƙƙi bisa shekarun zamansa. Kuma in mun kai wannan buƙata, mu kai ta har da ɗan Ibo da Bayeraben da aka haifa a Azare, domin su ma takardar nan ake tambayarsu.