Ina Makomar 'Ya'yanmu a Sakandaren Gwamnati?



Ya 'yan'uwa, wajibi ne mu faɗa wa kanmu gaskiya game da halin da makarantun sakandaren gwamnati suke ciki a Ƙaura Namoda da Shinkafi da Zurmi, domin nan ne 'ya'yan talakawa suke, kuma su ne mafi rinjaye.

Tun shekarar 1983 aka kafa Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya a Ƙaura Namoda. Ga ta a ƙofar gida, amma shigarta sai da kiredit biyar, ciki har da Turanci da Lissafi. To, yaron Shinkafi ko na Zurmi nawa ne yake fita aji shida riƙe da su? A 2013, makin da aka yanka wa Zamfara na shiga sakandaren tarayya 4 ne ga maza, 2 ga mata, alhali na Anambra 139 ne. Waɗansu sun ɗauki wannan a matsayin rangwame. Mu kuwa abin kunya muka gani a ciki. A 2018 yara 28 kacal aka ruwaito sun yi rajistar wannan jarrabawa daga jihar baki ɗaya.

Kada wani ya ce ƙwaƙwalwar yaran ce ta gaza. Yaron da yake haddace dogon karatu a makarantar allo kafin ya balaga, Lissafi ba zai gagare shi ba in ya sami malami. Hanyar ce aka toshe masa. A 2022 hukumar WAEC ta bayyana cewa makarantun gwamnatin Zamfara ba su gabatar da ɗalibai ba, ga kuma sakamakon shekaru da WAEC da NECO suka riƙe saboda bashin da ke kan jihar. Subhanallahi! Yaro ya yi shekara shida yana sintiri, a ƙarshe ya koma gida hannu rabbana. Uban da ya ga haka, da wane baki za a ce masa ya tura ƙanen?

Al'amarin 'yan mata ya fi tsanani. A watan Mayun 2019 'yan bindiga suka shiga makarantar 'yan mata ta Moriki suka sace ma'aikata. A Fabrairun 2021 aka kwashe ɗalibai 279 a Jangebe, a Satumba kuma aka rufe makarantun jihar bayan harin Ƙaya ta Maradun. Sau da yawa 'yar ƙauye ba ta da sakandare sai ta kwana. Da tsoro ya shiga, ita aka fara cirewa. Mu ne kuma muke kukan rashin likita mace da ungozoma a asibitocinmu. Daga ina za su fito?

Gwamna Dauda Lawal ya ayyana dokar ta-ɓaci kan ilimi a Nuwamban 2023, an kuma biya basussukan har aka saki sakamakon. Mun yaba. Sai dai fenti da kwanon rufi ba sa koyar da Kimiyya, kuma satar amsa da waɗansu iyaye suke biyan kuɗinta ha'inci ce, ko da ta kawo kiredit tara.

Muna kira ga Ma'aikatar Ilimi da ke Gusau ta riƙa buga sakamakon kowace makaranta duk shekara: ɗalibai nawa suka shiga aji ɗaya, nawa suka kai aji shida, maza nawa, mata nawa, malaman Turanci da Lissafi nawa. Kafin nan, iyaye su je taron ƙungiyar iyaye da malamai, su nemi shugaban makaranta ya karanta musu waɗannan alƙaluma a bainar jama'a.