James Earl Jones da malamin da ya buɗe masa baki

Duk wanda ya kalli fim ɗin Coming to America na 1988 ba zai manta da Sarki Jaffe Joffer na Zamunda ba. Yaran da suka tashi da The Lion King kuwa har gobe suna jin amon Mufasa a kunnuwansu. Wanda ya fito a matsayin wannan sarki kuma mai wannan murya, James Earl Jones, ya mutu ranar 9 ga Satumba, 2024, yana da shekara 93. Da yawa kan ce baiwa ce, su rufe magana. A ganina an taƙaita zancen, domin baiwar ta kusa mutuwa a maƙogwaronsa.

An haife shi a Arkabutla ta jihar Mississippi a 1931, kuma bai tashi a gaban mahaifinsa ba. Yana ɗan shekara biyar kakanninsa suka koma da shi wata gona a Michigan. Nan i'ina ta yi masa tsanani, kunya ta sa ya kame bakinsa shekara da shekaru.

A sakandare ya gamu da malamin Turanci, Donald Crouch. Yaron ya rubuta waƙa, malamin ya nuna kamar bai yarda tasa ba ce, ya ce in da gaske ne ya tashi gaban aji ya karanto ta da ka. Ya miƙe, ya karanto, harshe bai sarƙe ba. Daga ranar malamin ya riƙa tura shi muhawara da karatu a bainar jama'a.

Sauran aikin a dandalin wasan kwaikwayo aka yi shi. Ya shiga Jami'ar Michigan da niyyar zama likita, ya ɓuge da karatun wasan kwaikwayo. Ya sha fitowa a wasannin Shakespeare a New York, inda ba a yanke fitowa a sake ɗauka. Ya ci lambar yabo ta Tony a 1969 da The Great White Hope, ya sake ci a 1987 da Fences na August Wilson. Muryar Darth Vader da ya yi wa Star Wars a 1977, wadda ta kai sunansa ko'ina, dala 7,000 aka biya shi, kuma shi ya nemi kada a rubuta sunansa. Kuɗin fim bai raba shi da dandali ba: a 2015, yana da shekara 84, yana wasa a dandalin Broadway tare da Cicely Tyson.

I'inar ba ta taɓa barinsa gaba ɗaya ba, sarrafa ta ya koya. Shi ya sa nake ganin babban darasin na malamai ne da iyaye. Yaro mai i'ina yakan gamu da ɗayan biyu: a yi masa dariya, ko a tausaya masa a daina tambayarsa. Na biyun ya fi illa, don kowa yana ɗaukarsa alheri. Malamin da ya tsallake irin wannan yaro wajen tambaya ya hutar da kansa ne, yaron kuma ya ƙara nisa da magana. A kira sunansa, a hana 'yan aji dariya, a jira shi ya kai aya.