MAƘALAR MAKO: Ƙanenmu ya ce shi Adam A. Zango zai zama

 

Abin da ya jawo maƙalar yau a unguwarmu ya faru, nan Kajiji. Wani yaro ne ɗan aji biyar na sakandare, ba za mu kama suna ba don da yawa a nan sun san gidansu. Ana cikin zangon karatu ya daina zuwa makaranta. Ya sayar da tunkiyar da aka ba shi kiwo, ya hau mota zuwa Sakkwato, ya zube kuɗin a wani situdiyo aka ɗaukar masa waƙa guda, ya dawo da ita a waya. Mun saurara. Murya dai akwai ta, wannan ba ƙarya, amma kiɗa ya danne ta, kuma an matse ta da na'ura har ta koma kamar ba tasa ba. Yanzu maganarsa ɗaya ce, Kano za shi. Mahaifinsa ya ce in ya sa ƙafa ya fita kada ya dawo masa gida. Mahaifiyar ce ta aika aka kira mu, ta ce: "Don Allah ku yi mai magana, ku da kunka yi boko, ku ɗai yaka saurare." Da muka zaunar da shi muka tambaye shi wa yake son ya zama, ko numfashi bai ja ba ya ce Adam A. Zango. Muka kawo zancen makaranta, ya ce: "Yaya, ai shi ma ba digiri ya kai shi inda yake ba."

Dariya ta so kama mu, sai muka tuna cewa amsar da mu ma za mu bayar ke nan shekara goma sha wani abu baya. Duk wanda ya tashi tsakanin Boɗinga, Shagari da Kajiji wajajen 2010 zuwa 2016 ya san abin da muke faɗa. Hoton Zango ne a bangon shagon aski, sitikarsa ce a tankin mashin ɗin 'yan kabu-kabu, waƙarsa ce ke tashi daga teburin mai cajin waya tun hantsi har a kashe janareto. Mun yi irin askinsa, mun gwada takun rawarsa a bayan aji har muka sha bulala. Ranar da aka sa Basaja ko Gwaska a gidan kallo, wanda bai zo da wuri ba sai dai tsayuwa. Saboda haka ba mu da bakin yi wa yaron nan dariya.

Sai dai da hirar ta yi nisa muka gane cewa fuskar Zango ya sani, bai san hanyar da ya biyo ba. Mu ma a lokacinmu haka muke.

An haifi Adam Abdullahi a 1985 a Zangon Kataf ta jihar Kaduna, can ya samo sunan da duniya ta san shi da shi, kuma ya yi wani ɓangare na ƙuruciyarsa a Jos. Ba ta gaban kyamara ya shigo harkar fim ba. A farkon shekarun 2000 makaɗin fiyano ne a situdiyo, yana haɗa wa wasu kiɗan da za su hau su yi suna, shi yana ɗaki ba wanda ya san kamanninsa. Lokacin kuwa kiɗan fiyano ya mamaye finafinan Hausa, tun bayan da Sangaya ya fito a 1999 ya nuna wa 'yan kasuwa cewa waƙa ce ke sayar da fim. Wanda ya iya fiyano a wannan zamani, kowa na neman sa. Daga nan ne ya fito fili da rawa har aka laƙaba masa Usher, sunan mawaƙin nan na Amurka, ya zama jarumi, ya zama mawaƙi mai cin gashin kansa, daga baya ya koma shirya finafinansa da ba da umarni.

Shekarar 2007 ce muka fi daɗewa a kanta da yaron. Ranar 1 ga Janairun shekarar Ahmad S. Nuhu, wanda a lokacin ba saurayin fim da 'yan mata da samari suke ƙauna kamarsa, ya rasu a haɗarin mota a hanyar Azare, yana tsakiyar tashensa. Allah ya jiƙansa. Yaron namu bai ma taɓa jin sunansa ba, kuma wannan kaɗai ya ishi mai tunani. A cikin shekarar dai Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano, ƙarƙashin Malam Abubakar Rabo Abdulkarim, ta tsananta wa masana'antar, har kotu ta ɗaure Zango wata uku a kan faifan waƙoƙinsa mai suna Bahaushiya, bisa zargin fitar da shi ba a tace ba da kuma irin rawar da ke ciki. Ba mu zo sake wannan shari'a ba. Abin lura shi ne, saurayi ɗan shekara 22 wanda jiya ake rububin ɗaukar hoto da shi, yau ga shi a gidan yari. Da ya fito sai ya tattara ya koma Kaduna.

To me ya ɗauka ya tafi da shi Kaduna? Fosta ba ta ciyar da mutum, tafin 'yan kallo kuma ba ya bin mutum mota. Ya tafi da hannun da ya iya fiyano, da kunnen da ya san inda kiɗa ya karkace, da sanin yadda ake haɗa fim tun daga labari har zuwa kasuwa. Da waɗannan ya sake ginuwa, kuma manyan finafinan da mu muka san shi da su bayan ɗaurin ne suka zo. A ganinmu nan ne gaba ɗayan labarin yake. Sa'o'insa da yawa da suka taso tare, waɗanda fuska da sa'a kawai suka shigo da su, sun ɓace. Wasu sai dai mu ga bidiyonsu a kwance ana nema musu kuɗin magani, mu rubuta "Allah ya ba da lafiya" mu wuce.

Kasuwar ma da ta ɗaga shi ta mutu yana kallo. Da can a Ƙofar Wambai ta Kano ake sarin faifai a kai ko'ina cikin Arewa har Nijar. Satar fasaha ta cinye ta, finafinan Indiya masu fassarar Hausa suka ƙara mata, turi a memori ya ƙarasa ta. Kuma kada mu yi kamar ba mu san masu turin ba. Mu ne. Mu muke miƙa wa mai cajin waya 'yan canji ya cika mana memori da finafinai da waƙoƙi, ko sisi bai kai ga wanda ya yi gumin ba. Da faifai ya mutu, waɗanda suka iya aikin da kansu suka buɗe tashoshi a YouTube suka koma finafinai masu dogon zango, shi ma Zango ya yi Farin Wata Sha Kallo a can. Waɗanda ke jira a kira su aiki kuwa suka zauna jiran waya.

Yaron namu ya ce ai yanzu ba a buƙatar kowa, waya ta isa. Muka tambaye shi ko ya san cewa kafin YouTube ta fara raba wa mutum kuɗin talla a kan dogayen bidiyo sai ya tara mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo cikin shekara guda. Bai sani ba. Muka tambaye shi waƙar da aka ɗaukar masa a Sakkwato, ta wa ce a takarda, tasa ko ta mai situdiyo. Ya ce ba a rubuta komai ba. Ko asalin kiɗan ba a ba shi ba, sai abin da aka tura masa a waya.

A nan ne labarin Justin Bieber ya yi mana amfani. Shi ma yana ɗan shekara goma sha uku aka gano shi ta YouTube, 'yan mata suka riƙa suma a wajen wasanninsa. A 2022 wata cuta ta shanye masa rabin fuska, ya dakatar da yawon wasanni. A Janairun 2023 ya sayar da haƙƙin mallakar waƙoƙinsa a kan kimanin dala miliyan 200. Wato ranar da fuska ta gaza, waƙoƙin suna nan a matsayin kadara, kamar yadda gona take ga manomi. Mu a nan, an saba a biya mawaƙi sau ɗaya ya yi wa fim waƙa, shi ke nan ta fita daga hannunsa. Nijeriya ta samu sabuwar dokar haƙƙin mallaka da aka sa wa hannu a 2023, amma doka ba ta kare wanda bai san da ita ba, kuma bai riƙe takarda ko ɗaya ba.

Akwai wani ɓangaren da ya shafe mu kai tsaye, kuma ba daɗin faɗa. Mu masu kallo baki biyu gare mu. Ba bikin da za a yi a garuruwan nan ba a kunna waƙar 'yan fim ba, amarya da ƙawayenta da ita suke shiga, ango da abokansa da ita suke fita. Washegari mu ne a majalisa muna kiran masu waƙar 'yan iska, muna rantsuwar ba za mu ba su 'ya ba. Rayuwar auren Zango ta zama mana abin hira na shekaru a Facebook da TikTok, kowa na yanke hukunci kamar a ɗakinsa aka yi. A 2019 da ya sanar da ficewarsa daga Kannywood mun yi ta cacar baki, da aka ba da labarin ya ɗauki nauyin karatun ɗalibai 101 a Zariya a wannan shekarar, nan ma gardama muka mayar da shi. Ba muna wanke shi ba ne, mutum ne mai kuskure kamar kowa, kuma akwai abubuwan da ya yi a fim da ba za mu so ƙannenmu su kwaikwaya ba. Amma yaro ɗan shekara goma sha bakwai da yake hango tafi, ya kamata ya san cewa masu tafin nan su ne masu jifa, kuma ba sa jira a daɗe.

Mahaifin yaron ba mahaukaci ba ne. Tsoronsa na cakuɗuwar maza da mata, da shaye-shaye, da barin salla a kan lokaci, tsoro ne na gaskiya, kuma malamanmu sun yi magana a kan kiɗa, wasu sun tsananta wasu sun sassauta, ba mu kai mu raba wannan gardama ba. Inda muka saɓa da shi shi ne maganar "kada ka dawo." Yaron da aka rufe wa ƙofar gida bai fasa tafiya ba, sai dai ya tafi ba mai tambayar inda ya kwana. Wanda ya san zai iya dawowa gida ba ya yarda da kowane irin wulaƙanci don ya samu wurin kwana.

Kuma mu 'yan ƙasar Sakkwato ba baƙin waƙa ba ne. Ƙasar Narambaɗa ce da Ɗan Anace da Ɗanƙwairo. Marigayi Alhaji Shehu Shagari, wanda ƙaramar hukumarmu take ɗauke da sunan garinsu, yana malamin makaranta ya rubuta Waƙar Nijeriya. Gaskiya ne al'ummarmu ta daɗe tana girmama mai rubutacciyar waƙa tana raina makaɗi, wannan tabon ba Kannywood ce ta kawo shi ba. Amma ku duba yadda magabatan nan suka koyi sana'ar. Ɗanƙwairo ya yi shekaru yana amshi a bayan mahaifinsa, sannan a bayan yayansa Kurna, kafin ya ja nasa ayarin. Ba wanda ya wayi gari ya zama uban kiɗi. Zaman da Zango ya yi a ɗakin fiyano shi ne amshinsa. Wannan zangon ne yaranmu na yau suke son tsallakewa, don waya ta nuna musu cewa bidiyon daƙiƙa talatin yana iya sa a san mutum cikin kwana ɗaya. Yana iyawa kuwa, mun ga waɗanda ya ɗaga. Mun kuma ga yadda bayan wata uku ba mai tuna su.

Ga abin da muka ajiye da yaron. Ya koma aji ya zana jarrabawarsa ta kammala sakandare, don ko kwantiragi sai wanda ya iya karatu yake gane abin da ya sa wa hannu. Kowace Asabar ya kawo mana baitocinsa mu duba tare, domin abin da muka ji a waƙarsa ta farko kalmomin wasu ne ya jera, ba ko ɗaya da ke ƙamshin Kajiji, alhali Hausar da kakarsa ke yi ta fi duk abin da ya aro. Lokacin hutu kuma a nema masa wurin koyon haɗa sauti da tace bidiyo a kwamfuta, aikin da ko waƙar ba ta karɓe shi ba zai ci abinci da shi a wajen bukukuwa da taruka. Ya amince da biyu, na makarantar yana ta ja, ya ce sai ya yi tunani. Mahaifin kuma har yanzu bai amsa gaisuwarsa ba, mun dai roƙi wani kawunsa ya shiga maganar.

Ranar Litinin za mu san ko ya sa kayan makaranta. Kafin nan, in a cikin zauren nan akwai wanda ya san wani mai haɗa sauti a Sakkwato ko Boɗinga, mutumin kirki da za a iya danƙa wa yaro amana kuma ya yarda iyaye su san wurinsa, don Allah ya yi mana magana ta saƙo.