Sharhi: Bindigar harba-ka-ruga ta koma hannun matasa, ilimin ɗurinta ya rage wajen tsofaffi

Tun daga lokacin da rikicin 'yan bindiga na jihohin Zamfara, Katsina da Sakkwato ya tsallako iyaka, mazauna ƙauyukan Madarumfa da Gidan Rumji a jihar Maraɗi, da na yankunan Madawa da Ƙonni a jihar Tawa, suke fama da satar shanu da garkuwa da mutane don neman kuɗin fansa. Jami'an tsaro suna sintiri, amma iyakar tana da tsawo, ga dazuzzuka irin na Baban Rafi da ɓarayi ke fakewa a ciki. Wannan ne ya sa a garuruwa da yawa aka sauko da tsohuwar bindigar gargajiya daga inda aka rataye ta, aka miƙa wa samari masu gadin dare.

Muhawarar da ake yi a kan 'yan sa-kai ta fi karkata ga doka da siyasa. Akwai wani ɓangare da ba a cika taɓo shi ba: bindigar da ake ɗura wa albarushi ta baki tana iya raunata mai riƙe da ita tun kafin ta kai ga abokin gaba, kuma yawancin waɗanda ke ɗauke da ita yau ba su zauna gaban maharbi sun koyi ƙa'idarta ba.

Daga fadar Tanimu zuwa gadin dare

Bindigar ɗuri ba baƙuwa ba ce a wannan ƙasa. A ƙarni na 19, Sarkin Damagaram Tanimu ya tara dubban bindigogi, ya sa aka riƙa haɗa albarushi da ƙera igwa a cikin birnin Damagaram, abin da ya ba daular ƙarfin da maƙwabtanta suka ji a jikinsu. Har gobe 'yan bindigar sarki suna ɓarin albarushi a hawan Sallah da naɗin sarauta, maharba kuma suna fita da ita da rani.

A wancan tsari, yaro ba ya taɓa bindiga sai ya yi shekaru yana bin ubangidansa daji, yana riƙe masa jaka, yana kallon yadda ake awo da ɗuri. Sarkin baka ya san kowane maharbi da ke ƙarƙashinsa, ya san maƙerin da ya ƙera masa bindiga. Rashin tsaro ya gajarce wannan hanya. Saurayin da jiya yake kabu-kabu ko tallan shayi, yau an ba shi bindiga da ƙullin albarushi an ce ya tsare bakin gari.

Inda haɗarin yake

Albarushi ba ya buƙatar harshen wuta kafin ya tashi, tartsatsi ɗaya ya isa. Bayan an yi harbi, sau da yawa ɗan garwashi yakan rage a can cikin bututun bindigar, daga ɓurɓushin albarushin da bai gama ci ba ko daga tsumman da aka danna. Wanda ya kafa bakin ƙaho, ko gora, ko kwalbar da yake ajiyar albarushi a bakin bindiga ya tuttula kai tsaye, ya shimfiɗa wa wutar hanya ke nan. Za ta biyo zubin ta hau zuwa mazubin, duk abin da ke ciki ya tashi lokaci guda, a tafin hannunsa kuma dab da fuskarsa.

Maganin wannan shi ne ma'auni. Mai ɗuri yakan zuba albarushi daga ƙaho zuwa ɗan ma'auni mai cin ɗuri ɗaya, ya toshe ƙahon, ya mayar da shi gefe, sannan ya juye abin da ya auna cikin bindiga. Ko da wuta ta tashi, ɗuri ɗaya za ta ci, ba guzurin mako ba. Kafin nan kuma yakan share cikin bututun da tsumma mai ɗan laima, ya bi da busasshe, don kashe duk wani garwashi. Hura iska da baki cikin bindiga, wanda wasu ke yi wai don su kashe wutar, kai fuska ne wurin da bai kamata ta je ba.

Ma'aunin yana da amfani na biyu. Awon tafin hannu yana canzawa gwargwadon tsoro da gaggawa, kuma mutane da yawa sun ɗauka ƙarin albarushi ƙarin ƙarfi ne. Bututun da maƙerin ƙauye ya yi da bututun ruwa ko wani ƙarfen mota ba a gwada iya nauyin da zai ɗauka ba. Yana iya jure ɗuri ɗari, na ɗari da ɗaya ya tsage shi.

Akwai wasu kurakurai uku da ke fasa bindiga. Na farko, barin sarari tsakanin albarushi da harsashi, wato rashin danna shi har ya zauna daram. Na biyu, ɗuri a kan ɗuri: mutum ya karɓi bindiga a hannun abokin gadi da tsakar dare, bai san tana da ciki ba, ya ƙara wani. Shi ya sa masana ke yin alama a jikin sandar dannawa, ta yadda da an zura ta za a gane ko bindigar a ɗure take. Na uku, wanda ya fi muni, shi ne farke harsashin bindigar zamani a juye garinsa cikin ta gargajiya. Wannan gari yana haifar da matsin da ya ninka na baƙin albarushi nesa ba kusa ba, kuma babu bindigar maƙera da aka yi dominsa.

Sauran ƙa'idojin ba su da wuyar riƙewa. Abin da ke tayar da wutar shi ake sawa a ƙarshe, lokacin da za a yi harbi. Idan an ja kunama bindiga ta ƙi tashi, a bar bakinta yana kallon inda ba kowa na aƙalla minti guda, domin wuta takan yi jinkiri sannan ta kama. Ba a ɗuri da sigari a baki ko a gefen wutar shayi. Ba a hawa babur da bindiga a shirye, ba a jingine ta a ɗaki inda yara ke wasa. Ko ɗurin biki da ba a sa masa harsashi ba yana ƙona fuska ya kashe ido idan aka harba kusa da mutane.

Abin da ba za ta iya ba

Ko an kiyaye duk waɗannan, sunan da Hausawa suka laƙaba mata ya faɗi gaskiyarta: ka harba, ka ruga. Mai ɗuri da ƙaho da ma'auni yana buƙatar kusan minti guda kafin ya sake harbi, alhali gidan harsashin Kalashnikov ɗaya yana ɗaukar 30. Wannan tazara ce ke tura samari ga gaggawa, gaggawar kuma ita ke sa a tsallake ma'auni da sharar bututu. Amfanin bindigar a gadin dare bai wuce ƙararta ta tashi gari ba, ta sanar da ɓarawo cewa ba a yi barci ba.

Abin da ya faru a yankin Banibangu cikin watan Nuwamban 2021, inda aka kashe mutum 69 na kwamitocin sa-kai tare da magajin garin da ya jagorance su, ya nuna abin da kan biyo baya idan farar hula suka fita neman masu ɗauke da makaman yaƙi. A Zamfara kuwa, ramuwar gayya tsakanin 'yan sa-kai da makiyaya tana cikin abubuwan da suka hura wutar da har yanzu ba ta mutu ba. Hausawa sun ce in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Doka da abin da ke ƙasa

A Nijar, mallakar bindiga sai da izinin hukuma, farauta ma tana da dokarta ta shekarar 1998. Tun 1994 ƙasar take da hukumar tattarawa da sa ido kan haramtattun makamai, CNCCAI. Saboda haka akwai masu ganin cewa koya wa samari ɗuri tamkar halatta musu abin da doka ba ta ba su ba ne, kuma wanda ya saba da ta gargajiya yau, gobe ta zamani zai nema. Wannan fargaba tana da tushe.

Sai dai bindigogin suna nan, ko an yi maganarsu ko an yi shiru. A ƙetaren iyaka, jihar Katsina ta ƙaddamar da rundunar tsaron al'umma a watan Oktoban 2023, Zamfara ta biyo baya da Askarawa a watan Janairun 2024, duka da nufin a san su wane ne ke riƙe da makami, a horar da su, a kuma sami wanda za a tuhuma in an yi ɓarna. Ba dole Nijar ta kwafi wannan tsari ba, amma tambayar da ya taso da ita ta shafe ta.

Akwai matakan da ba sa buƙatar sabuwar doka ko kuɗi masu yawa. Hakimai da masu gari suna iya rubuta sunan duk mai bindigar gargajiya da maƙerin da ya ƙera ta, su miƙa wa jandarmomi. Sarakunan baka da tsofaffin maharba, waɗanda ilimin yake hannunsu, suna iya duba kowace bindiga, su ware wadda bututunta ya ci tsatsa ko ya kumbura. Gidajen rediyon al'umma, da ke wayar da kai kan allurar rigakafi da kiwon lafiya, suna iya ware wa wannan batu lokaci, musamman gabanin farautar rani da bukukuwan Sallah. Asibitocin karkara kuma suna iya riƙa rubuta raunukan albarushi daban, don hukuma ta ga girman matsalar da alƙaluma.

'Yan ci-rani ma suna da ta cewa. Idan gari ya shiga karo-karon kuɗin tsaro, waɗanda ke Legas, Abijan, Aljeriya ko Libiya suna cikin na farko da ake kira a waya. Wanda aka nemi gudummawarsa yana da haƙƙin ya tambaya: wa zai riƙe bindigar, wa ya koya masa, kuma mai gari da jami'an tsaro sun san da maganar? Sau da yawa fitila mai haske, kuɗin waya da lambar jandarmomi mafi kusa sun fi ƙarin albarushi amfani ga mai gadi.

Kare rayuka aikin gwamnati ne, kuma ranar da sintiri ya wadata a kan iyaka, bindigar ɗuri za ta koma wurin maharba da 'yan bindigar sarki. Kafin wannan rana, saurayin da ya rasa yatsu ko ido a bakin bindigarsa ya bar gida ba mai noma, garin da ya fita karewa kuma ya rasa mai gadi ba tare da ɓarawo ya harba ko harsashi ɗaya ba.