Olonkho: Wai Wa Ya Ce Hadda Ce Riƙon Gado?

Akwai wata magana da ta daɗe ta na ci mani tuwo a ƙwarya, wato yadda wasu masu kiran kan su 'yan kishin al'ada ke ɗaukar duk wani sauyi a matsayin cin amanar kaka da kakanni. To, bari in kai ku can ƙuryar Sibiriya a ƙasar Rasha, wurin mutanen Yakut, waɗanda ke kiran kan su Sakha, mu ga yadda ta kaya da olonkho.

Olonkho doguwar waƙar labarin jarumai ce da ake yi da ka. Mai yin ta, wato olonkhosut, ba ganga ba garaya. Zai zauna a tsakiyar jama'a cikin dogon daren hunturu, ya riƙa zuba bayani kamar ruwan sama, in an zo maganar wani sai ya rera. Muryar jarumi daban, ta budurwa daban, ta doki daban, ta dodannin ƙarƙashin ƙasa da su ke kira abaasy daban. Mutum ɗaya ke nan fa, shi ne darakta, shi ne 'yan wasa! Kuma ba hadda ya ke yi ba. Ya san ƙashin labarin, amma kullum da irin naman da zai ɗora masa.

Zamanin Tarayyar Sobiyet ya kassara wannan zaman hira: ga ƙaura zuwa birni, ga rediyo, ga Rashanci ya danne harshen gida. Ko da UNESCO ta ayyana olonkho cikin fitattun kayan gadon ɗan'adam a 2005, gwanayen gargajiya sun kusa ƙarewa. Sai aka shiga bukukuwa da gasa, yara na haddace baitoci daga littafi. Madalla. Amma don Allah, yaron da ya biya abin da ke takarda ba kuskure, ya zama olonkhosut ke nan? Haba!

Abin dariyar ma, littafin da ake tinƙaho da shi, "Nyurgun Bootur" mai layi kimanin 36,000, shi kan sa sauyi ne. Marubuci Platon Oyunsky ne ya ɗauko abin baka ya tsara shi da alƙalami, kafin ya rasu a kurkukun Stalin a 1939. A 1947 aka mai da labarin wasan waƙa na dandamali. Daga baya mawaƙi Gavril Kolesov ya rera shi a faifan garmaho, ya shiga gidajen da babu sauran tsohon da ya iya. Da waɗannan mutane sun ji tsoron surutun 'yan-ba-a-taɓawa, da me yaran yau za su haddace?

Ni fa ban ce a watsar da littafi ba. Cewa na yi a bar wa masu basira hanya. Mutanen nan su na da masana'antar fim da ke aiki da harshen su, har fim ɗin Dmitry Davydov mai suna "Pugalo" ya lashe babbar kyautar bikin Kinotavr a 2020. In matashin darakta ya ɗauki jarumin olonkho ya juya shi yadda ya ga dama, abin da tsofaffin gwanaye ke yi ke nan kowane dare a bakin murhu. Shi ya fi kusa da su a kan alƙalin gasar da ke riƙe da littafi ya na ƙirga wa yaro kuskure.