Rumfa a Legas, Tushe a Zariya



In watan Nuwamba ya kama, otal ɗin Federal Palace da ke Victoria Island a Legas yakan cika maƙil da masu zane da dillalansu da attajiran da suka zo saye. Bajekolin ART X Lagos ke nan, wanda Tokini Peterside ta kafa a 2016, yanzu kuma ya zama babbar kasuwar zane-zane ta Afirka ta Yamma. Kowane gidan dillancin zane yakan kama rumfarsa: farin bango, fitilu masu haske, sai ƙaramin kati a gefen kowane aiki ɗauke da sunan mai shi da shekarar da ya yi shi. In ka ga an manna jan ɗigo a jikin katin, to an riga ka, an sayar.

Cikin gidajen da ke kama rumfa akwai wanda ake kira kó, wanda Kavita Chellaram ta buɗe a Legas a 2020, bayan ta daɗe tana gudanar da gwanjon zane a kamfaninta na Arthouse Contemporary. Abin da gidan ya yi suna a kai shi ne haɗa tsara biyu a wuri guda: magabatan da suka kafa zanen zamani a Nijeriya tun kafin samun 'yancin kai zuwa shekarun 1970, da kuma masu zanen da ke aiki a yau, wasunsu sa'o'in jikokin na farkon.

Me ya sa dillali zai rataye aikin dattijon da ya rasu kusa da na yarinyar da ba ta daɗe da gama jami'a ba? Amsa ta farko ciniki ce, kuma ba abin kunya ba ne. Kamar yadda ɗan kasuwar Kwari ke zaunar da ɗansa kusa da shi a shago don abokan ciniki su san fuskarsa, haka sunan tsoho ke tsaya wa sabon hannu. Mai saye ya shigo don dattijon, ya fita da aikin yarinyar. Kuɗin da ke cikin harkar kuwa ba na wasa ba ne. A watan Fabrairun 2018, gidan gwanjo na Bonhams a Landan ya sayar da zanen Ben Enwonwu mai suna Tutu a kan fam miliyan 1.2. Hoton wata gimbiyar Ife ne da ya zana a 1974, ya ɓace shekaru da dama, aka tsince shi rataye a wani gida a arewacin Landan. Tun daga ranar masu kuɗi suka farga cewa aikin tsofaffin Nijeriya dukiya ce.

Amma ni abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne amsa ta biyu. Wanda ya zaɓi abin da za a rataye a bangon nan, yana rubuta salsala ne. Yana cewa wannan ya haifi wannan, wancan ya gaji wancan. 'Yan jarida su ɗauka, gidajen tarihi na ƙasashen waje su ɗauka, ɗalibai su haddace. Wanda aka rataye ya shiga tarihi. Wanda aka bari a ɗakin ajiya, ko da ya fi kowa gwaninta, sai a wayi gari ba mai tuna shi.

To in ka bi salsalar nan baya, ina za ta kai ka? Zariya.

A 1958, wasu ɗaliban sashen zane na Kwalejin Fasaha, Kimiyya da Ƙere-ƙere ta Nijeriya da ke Zariya, wadda ta zama Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, suka kafa ƙungiyarsu. Akwai Uche Okeke, wanda ya tashi a Kafanchan, da Demas Nwoko, da Yusuf Grillo, da Bruce Onobrakpeya, da wasu. Yawancin malamansu Turawan Ingila ne, darasin kuma na makarantun Landan ne. Samarin nan suka ce za su karɓi burushi da fenti da dabarar Bature, amma abin da za su zana da salon da za su bi daga gida za su ɗebo. Okeke ya koma ga uli, zanen da matan Ibo ke yi a jiki da bango. Grillo ya rungumi shuɗi, har ya zama in ka hango zanensa daga nesa launin ne zai fara gaya maka mai shi. Onobrakpeya kuwa, a 1967 ruwan asid ya ɓata masa farantin ƙarfen da yake shirin buga zane da shi. Maimakon ya yar, sai ya cike ramukan da gam mai ƙarfi, da ya buga sai ga zanen ya fito da tudu da kwari wanda yatsa ke iya ji. Daga ɓarnar nan ya samo salon da duniya ta san shi da shi. Ƙungiyar ba ta wuce shekara uku ba, amma har gobe ba a zancen zanen Nijeriya a tsallake ta. Ko a 2023 sai da aka karrama Nwoko da lambar Zakin Zinariya a bikin fasahar gine-gine na birnin Benis a Italiya.

Cikin 'yan ajin nan akwai wanda ya kamata mu fi kowa saninsa, amma da wuya ka ji sunansa a bakinmu: Jimo Akolo, mutumin Egbe a jihar Kogi ta yanzu. Shi ya zauna a Zariya ya koyar a jami'ar shekara da shekaru. Makaɗan Hausa ya zana, da mahayan Fulani, ya kuma sha daga adon bangon gidajen birni. Haka ma Ladi Kwali, ko da yake ita ba 'yar ajin ba ce, wadda hotonta ke bayan takardar naira 20 da muke ba mai shayi. Ta shiga cibiyar koyon tukwane ta Michael Cardew a Abuja ta dā, wato Suleja, a 1954. Tulunanta da hannu take gina su kamar yadda matan Gwari ke yi, ta zana ƙadangare da kunama da kifi da kada a jiki da bakin wuƙa. Sai dai da aka shafe su da sinadarin ƙyalli aka gasa a wuta mai tsanani, sun yi nauyi, ba sa tsatsafar da ke sanyaya ruwa. Sun tashi daga na sha sun koma na kallo, kuma a yau manyan gidajen tarihi na Turai da Amurka ne ke alfahari da su. Da gidan Tate Modern na Landan ya buɗe babban baje kolin zanen zamani na Nijeriya a watan Oktoban 2025, tana cikin waɗanda aka nuna aikinsu.

Ga inda gizo ke saƙar. Arewa ta ba da makaranta, ta ba da ƙasar da aka gina tulun, ta ba da abin da aka zana. Amma dillalan suna Legas, kaɗan a Abuja, masu saye kuma suna Legas da Landan. Ba wai hannayen sun ƙare ba ne. Gani Odutokun ya horar da tsara guda a Zariya kafin hatsarin mota ya yi ajalinsa a 1995. Farfesa Jerry Buhari na nan. Rahima Gambo ta ɗauki hotunan 'yan makaranta a Maiduguri ta kira aikin Tatsuniya, ya zaga duniya. Duk shekara sashen zane na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru na yaye ɗalibai. Tambayar ita ce, wa ke zuwa ya ga aikinsu, balle ya sa hannu a aljihu?

Na san wani zai ce, Malam, ai mu muna da uzuri na addini game da zanen abu mai rai. Wannan magana ce da malamai suka yi bayani a kanta, kuma ina girmama duk wanda ya tsaya a kan fahimtarsa. Sai dai fagen ya fi haka faɗi. Ibrahim El-Salahi na Sudan ɗan malamin allo ne daga Omdurman, daga harafin Larabci ya gina salonsa, kuma a 2013 Tate Modern ta ware masa baje koli shi kaɗai. Mu ma muna da zayyanar allon sauka. Muna da aikin allura a wuyan babbar riga, aska takwas da sauransu. Muna da dagi da sauran adon da magina ke fitarwa a fuskar zaure, gadon su Babban Gwani Muhammadu Durugu da ya gina masallacin Juma'a na Zariya a ƙarni na 19. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne, 'yan makaranta sun kwaikwayi adon nan sun sa hannu a ƙasan zanensu, an rataye da kati da farashi, shi kuwa maginin da ya fara fitar da shi da yatsunsa a ɗanyen yumɓu ba wanda ya rubuta sunansa. Damina ta zo bangon ya zube, a tayar da na bulo.

Saboda haka ina da roƙo ga mutum uku. Iyalan da suka gaji tsohon zane ko tulu daga wani malami ko ma'aikaci, ku raba shi da danshi da gara, ku adana duk wata takarda ko hoto da ke nuna inda ya fito, domin dillali asalin kaya yake fara tambaya kafin farashi, kada kuma ku sayar wa na farkon da ya ƙwanƙwasa ƙofa. Jami'o'inmu, ku tura ɗalibai cikin birnin Zariya da Kano da Katsina su ɗauki hotunan bangayen da suka rage, su tambayi dattawan unguwa sunan wanda ya yi kowanne. Attajiranmu kuma, da ke gina otal-otal da manyan ofisoshi suna cika bango da hotunan da aka bugo a inji daga ƙasar waje, wani a cikinku ya ɗauki nauyin rumfa guda a Legas, ya ɗora mata mutumin da ya san aikin, a kai zanen ɗaliban Samaru da allon mai zayyana da aikin maɗinkin hannu, kowanne da sunan mai shi a kati.